Audugar Cikin Kifi

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, a ƙarshen layi, daidai inda kwalta take ƙarewa ƙasa ta karɓa. Mutum uku ne a ciki: mai gyaran famfo, da matarsa mai saƙar kwarashi, da 'yarsu guda. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, amma Auta uban yake kiranta, wai kada sunan ya tsufa a ajiye. Shekarunta bakwai, ko takwas. Wanda ya ba ni labarin ya faɗa mini, sai dai abubuwa sun fara zame mini kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Kifin ne ban manta ba.

A littafin makaranta Auta ta ga hotonsa, ƙaton kifin nan na teku mai feso ruwa ta tsakiyar ka, irin wanda ya haɗiye annabin Allah ya kuma amayar da shi da rai. Tun daga ranar ta hana uwarta sakat, sai ta saƙa mata irinsa. Ita uwar, hulunan jarirai take saƙawa da safa da 'yan riguna, ba ta taɓa saƙa abu mai ciki ba. Duk da haka ta sayo ulu shuɗi da fari. Ta fara daga hanci, tana zagayawa tana ƙara faɗi, har abin ya yi tumbi, sannan ta shiga ragewa wajen wutsiya. Ta ciro maɓalli biyu daga tsohuwar rigar maigidan ta yi masa idanu.

“Maman Auta,” in ji shi, yana wanke hannu a bakin rariya, “wannan kifi ne ko buta?”

“Kai dai ka ji da famfunanka masu yoyo.”

“In kin gama ki soya mana. Ko ba komai ba shi da ƙaya.”

Ranar da za a gama, auduga ta gaza. Ta farke tsohon matashin kai ta cusa duk abin da ke ciki, kifin ya cika rabi, bayansa ya langaɓe. Auta na jingine da gwiwarta tana cewa, “Mama, yau fa kika ce.” Rana ta riga ta yi ja. Tsuntsaye sun fara komawa.

A bayan gidan akwai fili da ba a gina ba, da rimi guda a tsakiya, tsoho ƙwarai, 'ya'yansa sun fashe iska na yawo da audugar. Matar ta yafa mayafi ta zagaya. Ta ɗauka tsinta za ta yi ɗaya-ɗaya, sai ta tarar da ita a tare, a lungun da saiwoyi biyu suka yi, tuli guda, an zagaye ta tsaf, tsakiyarta da ɗan lotsawa kamar an dafa da hannu. Da ta taɓa ta ji ɗumi. Ta ce a ranta zafin rana ne bai gama fita ba. A lokacin aka fara kiran sallar magariba, ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Ta sa hannu biyu ta kwashe gaba ɗaya cikin mayafi, ta juya da sauri. Ba ta ce komai ba.

Bayan ta idar da salla ta cusa audugar, kifin ya miƙe ya yi ɓul-ɓul. Ta saƙa layukan ƙarshe, ramin yana ƙanƙancewa har ya zama kamar idon allura. Tana da wata al'ada da ta gada daga matar da ta koya mata saƙa: ba ta rufe aiki sai da bisimilla. Ta yi bisimilla, ta ja zaren ya tsuke. Sannan ta tura bakin zaren can cikin tumbin, ta yanke, ya shige ya ɓace. Da wannan take alfahari a cikin masu saƙa, ba a taɓa ganin inda ta ƙare aiki.

Auta ta rungume kifin. Ta ce, “Yana da nauyi.”

A nan dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi.

Maigidan ya fita da takalmi ɗaya yana neman 'ya'yan maƙwabta. Layin babu kowa, sai wata akuya tana tuƙa. Yana tsaye a ƙofar gida na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, ƙanana, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da yake jin nauyin masu ita. Da duhu ya gama rufewa suka daina.

Kashegari da magariba suka dawo, haka ma wanshekare. Da rana gidan lafiya lau, matar na saƙarta, rediyo na magana. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin rariya, sai shiru ya sauka a tsakar gidan, irin shirun da kaji ma suke ji su shige akurki tun lokaci bai yi ba. Sai duwatsu. Bayan duwatsun kuma, daga bayan tagar ɗakin da Auta take kwana, a ji murya can ƙasa-ƙasa, ta mace, tana rera abin da ba kalmomi ba ne, irin wanda ake yi wa jariri. Maigidan ya haska tocila, ba komai sai bango.

Sai wuƙaƙe suka fara ɓacewa. Almakashin saƙa ne na farko, matar ta zargi mantuwarta. Wuƙar kicin ta bi. Rezar aski ta bi. Ran nan maigidan ya buɗe jakar aikinsa a gidan mutane, ya tarar babu zarton da yake yanka bututu da shi, alhali sifana da guduma suna nan. Duk wani abu mai kaifi ya bar gidan. Albasa ma da hannu matar take ɓarewa.

Wannan duka da sauƙi. Auta ce abin.

Ta daina zuwa wasa. Ta daina ajiye kifin ko da za ta shiga wanka. Tana zama a kusurwar ɗaki ta ɗora shi a cinya tana jijjigawa, idanunta a kan bango. Abinci sai an yi da gaske take haɗiye loma biyu. Numfashinta ya koma gajere, sama-sama, kamar na wanda aka rufe a cikin akwati, kuma kullum magariba ya fi na jiya gajarta. An kai ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya ce bai ji komai ba, ya ba da maganin ƙarin jini. A hanyar dawowa uwar ta goya ta, yarinyar da ta wuce goyo, ta ji ba ta fi kifin nauyi ba.

“Auta, me ke miki ciwo?”

“Ba ni ba ce, Mama. Shi ne. Ya gaji da kuka.”

Uwar ba ta gaya wa maigidan wannan ba sai da suka kwana biyu. Ko uku, ban riƙe ba. A ƙarshe dai ta gaya masa. Ya jira har inuwa ta kai rariya, ya hura gawayi a murhu ya yi ja, ya shiga ɗaki ya fizge kifin daga hannun yarinyar. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa fizgar komai a hannunta ba. Ya fito da shi riƙe ta wutsiya.

Duwatsun suka zubo gaba ɗaya kamar ƙanƙara, har ƙura na sauka daga silin. Yana miƙa hannu kan murhun, sai ya ji an yi magana a bayansa.

“Ka sa shi a wuta, ka sa 'yarka.”

Auta ce a bakin ƙofa, tsaye, ita da ba ta iya tsayuwa sai an riƙe ta. Bakinta ne ya motsa. Muryar kuwa ta babbar mace ce, ta dushe kamar wadda ta daɗe tana kuka. Gumi na tsattsafowa a goshin yarinyar, fatar hannunta ta yi ja ta ɓangaren da kifin yake fuskantar wuta.

Ya janye hannunsa a hankali. Ya ajiye kifin a kan tabarma kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce wa matarsa, “Kada ki taɓa komai,” ya fita ko hula babu.

Malamin da ya je kira, tare muka yi karatu da shi a gaban malami ɗaya, shi ne kuma ya ba ni labarin, Allah ya jiƙansa. Ɗan siriri ne, mai tari, ba ya ɗaga murya ko a kan ɗalibi. Ya kan ce yawancin waɗanda ake kira mugaye, ba a tambaye su ba ne. Na so in faɗi wani abu game da rawaninsa, amma abin ya ɓace mini. Ba shi da muhimmanci.

Sai magaribar kashegari ya zo, don ya ce a lokacin da baƙo yake zuwa ake tarar sa. An ɗauke wutar lantarki a unguwar. Ya yi sallama a bakin ƙofar ɗakin, ya cire takalmi, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar. Tana kwance a jikin uwarta, kifin a ƙirjinta, numfashin kamar na ɗan tsako. Ya fara karatu, ba da sauri ba. Ya daɗe yana yi. Duwatsu suka fara, suka tsaya. Hasken taga ya koma toka-toka.

Yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman manyan mata.

“Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, kuma ba ni da inda zan je.”

“To, baiwar Allah,” in ji malamin. “Wa alaikis salam, ko da ba ki yi ba. Me ya kawo ki gidan mutane da jifa?”

“Sallamar ke nan. Ba wanda ya amsa.”

“Wuƙaƙen fa?”

“Ni na kwashe. Ku mutane in abu ya dame ku, yankawa kuke fara yi.”

“Me kike tsoron a yanka?”

Hannun yarinyar ya shafa bayan kifin, sannu, daga kai zuwa wutsiya.

“Ɗana yana ciki.”

Ba wanda ya motsa. A waje akuyar nan ta yi kuka sau ɗaya.

“Na tara masa shimfiɗa a gindin rimin nan, gidanmu,” in ji muryar. “Na kwantar da shi, na je ɗibar ruwa. Wannan ta zo ta kwashe shi da shimfiɗar. Da ta ambaci sunan Allah kafin ta sa hannu, da ya farka ya gudu, da hannunta bai same shi ba. Ba ta ambata ba. Sai da ta zo rufewa ta ambata.” Muryar ta karye. “Ta ɗauka babu suna, ta rufe da suna. Wa ya isa ya buɗe? Na gwada da haƙori. Ina jin sa ta cikin zaren, ba na iya taɓa shi. Bai sha nono ba tun ranar.”

Uwar Auta ta sa hannu ta toshe bakinta.

“Yarinyar fa, me ta yi miki?” in ji malamin.

“Numfashinta nake ba shi. Da me kake so ya rayu? In nasa ya tsaya, nata ya tsaya. Ba mugunta ba ce, tsoho, igiya ɗaya ce.”

“Za a buɗe. Amma ki fita tukuna.”

“A buɗe tukuna.”

“Ba a ciniki da ran yarinya.”

“Da ran wa ake yi, da na ɗana?”

Malamin ya gaya mini a nan ya ji tsoro, don ya san irin wannan ja-in-ja, yana iya kaiwa asuba, kuma ƙirjin da yake kallo ba zai kai isha ba. Idan aka buɗe ta karɓi ɗanta, babu abin da zai tilasta mata fita. Idan aka ƙi, su biyun za su tafi. Yana cikin auna wannan sai ya ga matar ta miƙa hannu cikin kwandon saƙarta ta ɗauko kwarashi.

“Malam, a yi haƙuri,” ta ce, ba ta ɗago kai ba. “Jariri ne a ciki.”

Ya dube ta, ya dubi yarinyar. Ya ce, “Bisimilla. Hannun da ya rufe shi zai buɗe.”

“Ban da kaifi,” in ji muryar.

“Ba kaifi, 'yar'uwa. Ƙugiya ce kawai.”

Saƙar kwarashi ba ta warwaruwa ta ko'ina sai ta inda aka ƙare. In ka ja ta tsakiya, ƙara tsukewa take yi. Dole a samo bakin zaren nan da ta tura ciki ta ɓoye, ita da ba a taɓa gano inda ta ƙare aiki ba. Ɗakin ya yi duhu. Maigidan ya durƙusa ya haska tocila, hasken na rawa a kan bango.

“Baban Auta, riƙe da kyau. Nan, gindin wutsiya.”

Ta zura ƙugiyar tsakanin zare da zare, ta juya, ta jawo. Auduga ce. Ta sake, auduga. Da ta zura da ɗan zurfi, yarinyar ta zabura ta yi ƙara siririya wadda ba tata ba, ba kuma ta matar da ke bakinta ba. Uwar ta tsaya cak.

“A hankali,” in ji muryar. Wannan karon roƙo ne. “Kansa yana wajen.”

Malamin ya ci gaba da karatu ƙasa-ƙasa, addu'ar nan da annabin ya yi a cikin duhun cikin kifi, yana maimaitawa. Numfashin Auta ya fara tsallake. A ja ɗaya, a yi shiru, a yi shiru, sannan a ja wani. Leɓɓanta sun yi fari.

Matar ta rufe idanunta, tunda ba su da amfani. Ta bi layin ƙarshe da ɗan yatsa, tana tuna yadda ta zauna ranar, ta wane gefe ta riƙe allura, ina ta karkata ta. Hagu ta karkata, don Auta na jingine a damanta. Ta kwantar da ƙugiyar ta bi ta ƙarƙashin fatar saƙar, ba ta shiga ciki ba, ta tafi hagu. Wani abu ya ɗan riƙe. Ta jawo shi kamar mai cire ƙaya daga idon yaro.

Ɗan guntun zare shuɗi ya leƙo.

Ta kwance ƙullin da farce, ta ja. Saƙar ta fara warwarewa, ɗaya bayan ɗaya, da 'yar ƙara kamar ana jan carbi. Ramin ya yi kamar ido, ya yi kamar bakin kwalba, ya yi kamar bakin kofi. Wani ɗumi ya fito ya bugi fuskokinsu, da ƙamshin kan jariri. Audugar da ke bakin ramin ta motsa, ta kumbura, ta faɗa. Kifin ya saki jiki a hannunta, ya zama ulu da maɓalli.

A cikin duhun, kusa da gwiwar malamin, wani ƙaramin abu ya yi atishawa.

Hannuwan Auta suka buɗe suka rufe a kan abin da ba a gani. Ta karkata kafaɗa, ta sunkuyar da kai, irin yadda mai shayarwa take yi. Aka daɗe a haka. Ba a jin komai sai wani ɗan sauti na haɗiya, da numfashin yarinyar da ya fara tsawo.

“To, baiwar Allah,” in ji malamin. “An ba ki naki.”

Yarinyar ta ci gaba da jijjiga abin da ke hannunta.

“Yarinyar nan tana da hannu,” in ji muryar, a hankali, kamar mai tunani. “Ita ta yi ta jijjiga shi. Ya saba da ita. In na tafi da ita, ba za ta sha wahala ba.”

Tocilar ta faɗi daga hannun maigidan. Malamin ya gyara zama, ya ja numfashi zai ɗaga muryar da bai taɓa ɗagawa ba. Matar ta riga shi.

“Ban tambaye ki rantsuwa ba kafin in buɗe,” ta ce. “Kin san abin da kika ji kwanakin nan a bayan taga. Shi kike so in ji?”

Idanun yarinyar suka tsaya a kan uwar. Malamin ya ce bai taɓa ganin kallo mai tsawon wannan ba, mace da mace, ɗaya a cikin jikin 'yar ɗayar.

“A ba ni kifin,” in ji muryar daga ƙarshe. “Ba ya barci sai a ciki yanzu. Amma kada a rufe.”

“Za a kai miki gindin rimin, a buɗe,” in ji malamin. “Ke kuma ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce mu da ku, ba ke ba gidan nan, ba ke ba yarinyar nan, a farke ko a mafarki. Su ma ba za su ƙara ɗaukar ko tsinke a wurinku ba.”

Ta yi alkawarin, kalma bayan kalma, yadda ya faɗa. Sannan ta ƙara da nata: “Ki riƙa sallama, mai saƙa. Ƙasa ba taku ba ce ku kaɗai.”

Yarinyar ta yi doguwar ajiyar zuciya, ɗan yatsanta na ƙarshe ya yi rawa, ta sulale jikin uwarta. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma, ba iska.

Maigidan da malamin suka kai kifin, zaren na jan ƙasa a bayansu. Da suka dawo suka tarar Auta ta buɗe ido.

“Mama, yunwa nake ji.” Ta dudduba. “Ina kifina?”

Uwar ta ƙara rungume ta. Uban ya share fuska da hannun riga ya ce, “Ya koma ruwa, Auta. Kin taɓa ganin kifi ya daɗe a tudu?”

Da safe suka tarar da wuƙaƙen a jere a bakin ƙofa, almakashi da reza da zarto, an goge su tas. A gindin rimin babu kifi, babu zare.

Matar ta saƙa wa Auta wani, da audugar kanti. Daga baya ma ta yi suna da su, har shaguna suna saye. Sai dai masu saye sun yi ta ƙorafi a kan abu ɗaya: kowane kifi nata, akwai ɗan zare da take bari yana reto a gindin wutsiya, ba ta ɓoyewa, ba ta yankewa. An ce mata aikin bai kammala ba. Ta ce haka take yi.

Akwai ɗaya a gidana, ban san wa ya kawo shi ba. Kwanaki jikata ta ɗauko almakashi za ta gyara masa wutsiya. Na manta sunan yarinyar a lokacin, Allah ya sani, na yi ta lalube ban samu ba. Amma na riƙe hannunta.